Yadda Za Ka Yi Suna a Gonar da Ba Taka Ba

"To in Baffa ya tambaye ni sana'arka, in ce masa me?" in ji Khairiyya.

"Ki ce masa suna nake ginawa."

"Suna ai tun kana kwana bakwai aka raɗa maka. Sana'a ya tambaya, Muzammil."

"Khairiyya, zamani ya juya. Yanzu mutum shi ne hajar kansa. Fuskata, muryata, yadda nake kallon nesa in ina tunani..."

"Kallon nesa." Ta gyara mayafi. "Shi ke nan. Zan ce masa kallon nesa kake yi."

A ƙofar gidansu muke zaune a Toranke, bayan la'asar, farkon damina. Khairiyya ita ce wadda nake so in aura. Malamar firamare ce, kuma tun ranar da na fara ganinta a wani biki a Gaya ban sake cin tuwo da cikakken hankali ba. Mahaifinta Malam Barau, wanda take kira Baffa, ya aiko da magana guda: bayan kaka zai faɗi ko iyayena su zo ko kada su zo, amma kafin nan yana so ya san da me zan riƙe masa 'ya.

Na hau acaɓa na koma Gaya. Na rantse kafin kaka sai sunana ya riga ni shiga gidan nan. Kuma ya riga ni. Yau babu mai waya a hannu daga Gaya har Ajingi da bai san fuskata ba. Shi ya sa na ga bai dace in zauna a kan ilimin nan ni kaɗai ba. Ɗan'uwa, in ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, ba tsallake, na yi maka alƙawari za a san ka. Tabbas ne, ba wataƙila ba. Za a nuna ka da yatsa a kasuwa. Irin nunin ne kawai ban ɗauki alƙawarinsa ba.

1. Ka zaɓi fannin da ba ka san komai a kansa ba

Masana za su ce maka ka fara da abin da ka iya. Kada ka saurare su, na gwada. Abin da na iya shi ne karatu da rubuta waƙa. Ɗakina cike yake da littattafai, har ɓerayen ciki sun fi wasu mutane ilimi. Na ɗauki bidiyo goma sha huɗu ina karanta waƙoƙina na soyayya, hannu ɗaya a ƙirji. Wanda ya fi tashe sau tara aka kalla, huɗu daga ciki ni ne.

Khairiyya ta kalli biyu. "Na farko kuka kake yi, na biyu shirin kuka kake yi," ta ce. "In fuskarka nake son gani ai kana zuwa. Datata ta aikin makaranta ce." Daga ranar ba ta sake leƙa shafina ba. Ka riƙe wannan, za mu buƙace shi a gaba.

Sai na lura da wani abu. Mutanen birni suna mutuwar son ƙauye, matuƙar ba a ce su kwana a ciki ba. Ka nuna musu kore, ka nuna musu saniya tana tuƙa, za su rubuta maka cewa ka tuna musu da kakarsu. Nan take na canza sunan shafina zuwa Manomin Zamani.

Gaskiya tsakani da Allah, ni ɗan Gaya ne, kuma gidanmu akwai gona kamar kowane gida. Amma tun ina ƙarami, duk ranar da aka ce a ɗauki fartanya sai in ɗauki littafi in ce jarrabawa ta matso. Shekara goma sha biyar jarrabawar nan tana matsowa. Yayyena suka gaji suka ƙyale ni. Wannan ba naƙasa ba ce a harkarmu. Wanda ya san abu yakan yi shakka kafin ya buɗe baki, kai kuwa babu abin da zai riƙe maka harshe.

2. Ka tanadi kayan aiki

Ba ka buƙatar da yawa. Waya, ko da fuskarta ta tsage. Fartanya guda, wadda za ka ara a wurin yayanka ba tare da ya sani ba. Ka kafa ta a ƙasa, ka ɗaure wayar a ƙotarta da roba, ka samu maɗaukin hoto wanda ba ya gajiya, ba ya dariya.

Sai malafa. Na sayi sabuwa ranar kasuwar Ajingi, na kwana biyu ina shafa mata ƙasa da toka don ta yi kamar ta sha rana. Da na dawo daga masallaci na tarar Inna ta wanke ta tas ta shanya a kan danga.

"Inna, da gangan fa na ɓata ta!"

"Na sani. Da gangan na wanke." Ta kalle ni sama da ƙasa. "Wai kai da wa kake magana a bayan ɗaki tun jiya?"

"Da mabiyana."

"Suna ina?"

"A waya suke."

"Sun kai nawa?"

"Ashirin da uku."

"To ka ce su zo su taya yayyenka noma, an yi ruwa."

Kada irin wannan ta karya maka gwiwa. Duk littafin da na karanta, ba a gane darajar jarumi a gidansu sai a babi na ƙarshe.

3. Ka nemi gona mai kyan hoto, kada ka tambayi mai ita

Gonarmu ba ta yi ba. Gero ne da dawa, sun rufe ni ruf, kuma babu sabis. Ga yayyena biyu da suke barin aiki su jingina da fartanya suna kwaikwayon muryata.

Wata Talata, a hanyata ta zuwa zance, kafin a shiga Toranke, na ce wa ɗan acaɓa ya tsaya. Na ga gonar gyaɗa. Wallahi har yau in na rufe ido ina ganinta. Kore shar, kunyoyi a miƙe kamar da zare aka ja su, babu ciyawa ko ƙwaya ɗaya, ga tsamiya a gefe tana ba da inuwa. Na duba waya, sabis cike. Na ji ƙwalla ta taru min. Na ce wannan gonar ni take jira.

A nan ne masu rauni suke faɗuwa. Za ka ji wata murya a ranka tana cewa ka shiga gari ka tambayi ta wace ce. Danne ta. In ka tambaya za a faɗa maka, in aka faɗa maka kuwa bakinka ba zai iya cewa "gonata" da daɗi ba. Ni ban tambaya ba. Na kafa fartanya, na gyara malafa, na kalli nesa, na ce:

"Jama'a, barkanku da zuwa gonata."

4. Ka yi magana mai zurfi wadda ba ta da gindi

Kada ka taɓa faɗin abin da za a iya bincikawa. Kada ka ambaci taki, kada ka ambaci lokacin shuka. Ka tsuguna, ka ɗebi ƙasa, ka bar ta ta zube ta tsakanin yatsunka a hankali, ka ce: "Ka ba ta ƙwaya ɗaya, ta riƙe maka amana, ta dawo maka da ɗari. Haka zuciyar da aka so da gaskiya take." Sannan ka yi shiru, ka bar iska ta yi sauran aikin.

Abin ya karɓu. Sati shida ina zuwa duk Talata da Asabar da hantsi, in gama, in kaɗe ƙura, in jira la'asar in wuce zance. Mabiya suka haura dubu uku. Wata daga Kano ta ce na sa ta kuka a ofis. Wani daga Kaduna ya ce irinmu ƙasar nan take nema. Na karanta wannan sau goma sha ɗaya, na kuma yarda da shi.

Akwai wani mabiyi mai suna Ɗan Toranke, hoton saniya ne a shafinsa. Duk bidiyon da na sa shi ne farkon kallo, amma bai taɓa danna laik ba. Sau ɗaya ya yi tambaya: "Malam manomi, wace irin gyaɗa ka shuka?"

Na amsa: "Mai albarka."

Ya ce: "Madalla."

Ka riƙa girmama mabiyi mai shiru. Shi ne na gaskiya. Ba ya yabo, amma ba abin da yake wuce shi.

5. Ka shirya wa bincike a inda ba za a zo ba

Ka san yadda ake yi. In mutum ya nemi 'yar mutane, sukan turo wani a ɓoye ya zo unguwarsu ya ji halinsa. Ya zauna wurin mai shayi, ya yi sallah a masallacin unguwa, ya jefa tambaya kamar ba da niyya ba: yaron nan na gidan wane, yaya yake?

Na shirya tsaf. Sati biyu ina sahun farko, har liman ya tambaye ni ko lafiya. Na riƙa gaishe da mai shayi da hannu biyu. Na bi 'yan acaɓan bakin tasha ɗaya bayan ɗaya na ce in baƙo ya tambaya, su ce masa mutumin kirki ne, manomi ne na zamani. Duk baƙuwar fuskar da na gani a layinmu sai in sunkuyar da kai in yi tafiyar masu natsuwa. Na yi wa wani mai gyaran rediyo ladabi na kwana uku kafin in gane gyaran rediyo ya kawo shi.

Babu wanda ya zo. Na ce wa kaina, lallai sun yarda da ni ba sai sun bincika ba. Na je na faɗa wa Khairiyya haka, sai ta ce, "Baffa ya ce Hamma Sagiru ya yi binciken. Amma kullum ina ganinsa kwance a tabarma da waya, ban ga ya je ko'ina ba."

Hamma Sagiru yayanta ne, mutum ne mai ƙarancin magana. Na yi dariya a raina, na ce Allah ya haɗa ni da malalacin mai bincike.

6. Ka ba jama'a abin da suke so, ko lokacinsa bai yi ba

Mabiya kamar baƙi suke, in ka ba su abu ɗaya kullum za su tashi. Suka fara tambaya: yaushe za a cire gyaɗar? Matar nan ta Kano ta ce tun da take ba ta taɓa ganin yadda gyaɗa take fitowa daga ƙasa ba, ta ɗauka a reshe take 'ya'ya. Na ji tausayinta. Na ji cewa nauyi ne a kaina in ilimantar da al'umma.

Na sanar: ranar Asabar da hantsi, kai tsaye, Manomin Zamani zai cire gyaɗarsa.

Na zaɓi kunyoyi biyu da suka fi kowanne cika da sheƙi. Na kafa fartanya, na ɗaura waya, na kunna. Mutum ɗari biyu suka shigo. Na kama tushe ɗaya na ja, ya taso da 'ya'yansa reto-reto, ƙasa tana zuba. Zukata suka riƙa tashi a fuskar waya. Ɗari biyar. Na ja na biyu. Dubu ɗaya. Niyyata fa guda uku ce kawai, in mayar da su in binne, Allah ne shaidata. Amma wanda bai taɓa ganin lamba tana hawa saboda shi ba, ba zai gane ba. Ji na yi kamar duniya ce ta miƙe tsaye tana kiran sunana, kamar Khairiyya tana cikin taron tana cewa ashe dai. Na ja, na ja, na ja. Kafin in ɗago, kunya biyu sun kwanta.

Na ɓare ƙwanso ɗaya da haƙori na kai shi gaban waya. Ƙwayar 'yar ƙarama, fara, tana ruwa-ruwa.

"Ku duba, jama'a," na ce. "Fara tas, kamar zuciyar masoyi."

Sai wasu irin kwament suka fara shigowa, ba irin na mutanen birni ba. "Ba ta ƙosa ba!" "Kai, ba ta ƙosa ba!" "Wa zai riƙe mahaukacin nan?" Na yi murmushi. Ka sani, duk wanda ya ɗaukaka sai ya samu mahassada.

7. Kome ya faru, kada ka kashe waya

"Salamu alaikum, mai gona."

Na juya. Wani dattijo ne a kan keke, ƙafa ɗaya a ƙasa. A bayansa Hamma Sagiru, riƙe da waya, kuma daga cikin wayar muryata ce take fitowa tana cewa kamar zuciyar masoyi.

Sau ɗaya na taɓa gaishe da mahaifin Khairiyya, a durƙushe, kaina a ƙasa, don haka takalmansa kawai na sani. Na roba ne, na dama an ɗinke maɗaurinsa da baƙin zare. Na sauke ido. Su ne.

"Ina wuni," na ce. Da hantsi.

"Lafiya lau. Sannu da aiki. Gyaɗar taka ta yi kyau bana."

Ya jingine keken a tsamiya, ya shigo yana taka tsakanin kunyoyi a hankali kamar mai gudun tada barci. Ya ɗauki tushe ɗaya, ya fasa ƙwanso da babban yatsa.

"Matso ka gani. Matso mana, ba dukanka zan yi ba. Ka ga cikin ɓawon nan? Fari fat. In ta ƙosa ciki yakan yi duhu, ƙwayar ta cika gidanta. Wannan saura mata sati uku. Yanzu ba ta mai, ba ta ƙuli. Awaki ne kawai za su gode maka." Ya kalli abin da na kwantar. "Me ya sa waɗannan biyun ka zaɓa?"

"Sun fi kyau a hoto."

"Haka ne. Ni ma don sun fi kyau na ware su. Irin baɗi ne."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na gode mata.

"Sati shida Sagiru yana nuna min kai kana cewa gonata, gonata," in ji shi. "Ban ce komai ba. Na ce tsayuwa ba ta kashe gyaɗa. Har na ce wa uwar yarinyar, yaron nan bai iya ba, amma yana son gona, kuma mai so ana iya koya masa."

Na karanta littattafai da yawa da ake zagi a ciki, ana mari, ana kora da sanda. Ban taɓa karanta inda aka kashe mutum da kyakkyawan zato ba.

"Baffa," in ji Hamma Sagiru, "har yanzu fa ana kallonmu."

"Su wa?"

"Mutum dubu huɗu da wani abu."

Dattijon ya matsa gaban wayar, ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa ta. "To ku ma kun ji. Kada wanda ya cire gyaɗa sai ta ƙosa." Ya kwance robar ya miƙo min wayata, ya riƙe fartanyar yana juya ta. "Wannan fartanyar mai kyau ce. Tausayinta nake ji."

Hamma Sagiru ya zo wucewa ta gefena, ya rage murya. "Mai albarka ko?"

Ɗan Toranke ke nan. Binciken ma ashe ni na yi masa da kaina, na ɗauka, na gyara haske, na aika masa har tabarmarsa.

8. Ka karɓi sunan da jama'a suka ba ka

Ga sakamakon da na yi maka alƙawari. Kafin la'asar an yanko wurin daga bidiyon an baza. Washegari mabiyana sun kai dubu arba'in. Babu mai kirana Manomin Zamani. Sunana yanzu Ba Ta Ƙosa Ba.

A tasha 'yan acaɓan da na roƙa su yabe ni suna hango ni suka haɗa baki suna kiran sabon sunan. A kasuwar Ajingi wata mai dafaffiyar gyaɗa ta ɗaga murya, "Malam, zo ka duba min wannan, ta ƙosa?" Mai shayi ya miƙo min kofi ya ce in bari ya huce, shi ma bai ƙosa ba. Yayana ya karɓi fartanyarsa, ya kai ta ɗakinsa ya kulle.

Su kuwa dubu arba'in ɗin, ba ni suke nema ba. "Ina Baba?" "A dawo mana da Baba." "Baba ya yi mana bayanin wake." Matar nan ta Kano ta ce dattijon ya tuna mata da kakanta, ta sake yin kuka a ofis.

Duk wannan da sauƙi. Khairiyya ta daina ɗaga wayata. Kwana biyar. Ranar farko na ce caji ne. Rana ta uku na daina cin abinci, sai dai fura. Rana ta biyar saƙo ya shigo, layi biyu: "Yara a aji suna tambayata ko ni ce zuciyar masoyi. Baffa bai yi maganarka ba ko sau ɗaya, kuma shirunsa ya fi faɗansa."

Na zauna na rubuta waƙar ban haƙuri mai baiti sittin. Na jingina waya da bango a bayan ɗaki, na fara ɗaukar bidiyon neman afuwa, hawaye na gaskiya suna zuba, ina kuma lura da ko haske yana kama su. Ina cikin ɗauka ta huɗu Inna ta zo shanya.

"Wa kake ba haƙuri?"

"Jama'a, Inna. Haka ake yi."

"Jama'a ka tone wa iri?"

"A'a."

"Mai gonar a cikin wayar yake?"

"A'a."

"To ina yake?"

9. Ka je da ƙafarka

Wannan matakin babu shi a tsarina na farko. Inna ce ta saka shi. Na roƙi mahaifina ya raka ni, ya ce wanda ya tone shi zai je.

Na isa Toranke bayan la'asar. Malam Barau yana zaune a zaure yana gyaran igiya, Hamma Sagiru a gefensa. Na cire takalmi tun daga waje, na durƙusa. Baiti sittin ɗin suna aljihuna, amma da na buɗe baki ba ko ɗaya da ya fito. Na ce, "Baffa, na yi ƙarya da gonarka, na ɓata maka iri. A yafe min."

"Na yafe tun a gona. Iri kuwa zan zaɓa a cikin saura, ba zai kai wancan ba, amma zai tsiro."

Nan ya kamata in yi shiru. Amma kai ma ka san wanda yake ba ka shawara.

"Baffa, mutum dubu arba'in fa suna nemanka. Da za mu buɗe maka shafi, ni in riƙa ɗauka..."

Hamma Sagiru ya rufe fuska da hannu.

"Ni ina da gona," in ji Baffa. Ya ci gaba da igiyarsa. "Asabar ta sama za mu yi gayyar cira. Maƙwabta za su zo, a yi tawa, jibi a yi ta wani. Ban kira ka ba, ban hana ka ba."

Sai na ji motsi a bayan zana, ta cikin gida. Muryar da na kwana goma ban ji ba ta fito, ba da ni take ba, amma ta ɗaga ta yadda har kan titi za a ji.

"Hamma, ka tambayi baƙonku. Tun farkon damina aka aike ni da tambaya, har yau ba ni da amsar da zan kai. Mece ce sana'arsa?"

Wanke hannu

Kafin in faɗa maka amsar da na bayar, bari mu rabu lafiya. Duk abin da ya same ka sanadiyyar bin matakan nan, kai ka jawo. Marubucin ba ya ɗaukar alhakin gonar da aka tone, ko sunan da aka laƙa maka, ko budurwar da ta daina ɗaga waya. In mai gonar da ka zaɓa ba shi da haƙurin Malam Barau, kada ka ambaci sunana, ka yi gudu ta gefen da babu ƙaya. Na ce za a san ka, kuma za a san ka. Nan alƙawarina ya tsaya. In kuma ka ga wannan rubutu a waya, ba ni na saka ba. Da biro na rubuta shi, a bayan takardun waƙar nan mai baiti sittin, kuma ga dalili.

A zauren nan na laluba kaina kaf, daga littafin farko har na ƙarshe, ban samu sunan sana'ata ba. Sai na zaro wayar daga aljihu. A lokacin ma tana ta ƙara, mutane suna neman Baba. Na ajiye ta a gaban Hamma Sagiru.

"Ba ni da ita tukuna," na ce, da ƙarfi yadda bayan zana zai ji. "Amma ga wannan, Hamma ya riƙe har a tsinke gyaɗar ƙarshe. Ranar Asabar zan zo tun da sassafe. A ba ni kunya ɗaya a nuna min yadda ake yi."

Hamma Sagiru ya ɗauki wayar ya kashe ta ya jefa a aljihu. Baffa ya ƙulle igiyarsa, ya ja ta ya ji ƙarfinta, sannan a karo na farko ya kalle ni ido da ido.

"To ya zo," ya ce. "Sagiru, ka sa shi a tsakiya, inda zan riƙa ganinsa. In aka tashi daga gayyar nan bai tsaya kallon nesa ba, iyayensa su zo."